DOKAR DA BA A RUBUTA BA: AYUN BINUWAI, KADOJIN WUKARI DA RABONMU A CIKI

Jama'a 'yan'uwa mazauna Mayo Gwoi da kewaye, a wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa bakin ruwa ne, domin mu duba waɗansu tsofaffin dokoki da suka tsare dabbobin kogi da na tsibirai a wannan ƙasa tamu ta Taraba tun kafin a san takarda da hatimi. Galibin waɗannan dokoki sun iso gare mu ne cikin rigar almara, shi ya sa yaran yanzu ke jin su su yi dariya. To amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. In mun tuɓe wa labaran nan rigarsu, za mu tarar da doka sosai a ciki, mai iyaka, mai lokaci, mai mai-tsaro, mai hukunci.

Mu fara da inda muke zaune. Kalmar "mayo" da Fulatanci kogi take nufi, wato ke nan sunan unguwarmu ma daga ruwa ya samo asali. Garin Jalingo kuwa Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi a 1893, ya kuma zama babban birnin Jihar Taraba a ranar 27 ga Agusta, 1991. Iyayenmu da kakanninmu sun zo nan daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Haɗeja da sauransu, wani da fatauci, wani da allo, wani da fawa, wani kuma da koma da ƙugiya. Sun tarar da Kona da Mumuye da Fulani, a can bakin Binuwai kuma sun tarar da Jukunawa masunta. Kowace al'umma a cikinsu tana da abin da ta hana a taɓa a ruwa ko a daji. Ruwan da ke wucewa ta bayan gidajenmu, da na Lamurde, duk Binuwai suke nufa, saboda haka labarin Binuwai labarinmu ne.

AYU, MATAR DA TA FAƊA RUWA

Babu dabbar ruwa da aka yi wa almara kamar ayu. Labarin da ya fi yaɗuwa, daga Binuwai har Kwara har can ƙasar Mali, shi ne wai asalin ayu wata Bafillatana ce. Tana cikin wanka a bakin kogi sai aka yi mata ba-zata aka gan ta tsirara, wasu ma sun ce surukinta ne ya gan ta. Don tsananin kunya sai ta faɗa ruwa, ba ta ƙara fitowa ba, ta rikiɗe ta zama ayu. Wanda duk ya san fulaku ba zai yi mamakin yadda aka ƙulla labarin ba.

Abin da ya ba labarin ƙarfi shi ne siffar dabbar kanta. Ayu ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, sai ya ɗago hanci sama lokaci-lokaci. Haihuwa yake yi, macen kuma tana da nono a gefen ƙirji, wajen hammata, tana shayar da ɗanta. Ciyawar ruwa yake ci, ba ya farautar kowa. Babba yakan kai tsawon mita 3, nauyinsa kuma ya haura kilo 300. Masunci da ya ga uwa ta rungumo ɗanta da dare a gefen tsibiri, ai dole jikinsa ya yi sanyi.

Daga wannan labari aka sami doka. A wurare da dama na bakin kogi ba kowa ke farautar ayu ba, sana'ar waɗansu gidaje ce ƙalilan da suka gada, su ma sai sun yi shiri na musamman, sai kuma da sanin shugaban masunta. Sauran jama'a tsoro ya hana su. Yanzu mu dubi hikimar da ke ciki. Macen ayu takan yi kimanin shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, sannan ta yi shekara biyu ko fiye kafin ta sake haihuwa. Dabbar da ke haihuwa haka, in aka sake wa kowa mara ya kashe ta, ba za ta yi shekara ashirin a kogi ba. Magabata ba su da alƙaluman nan a rubuce, amma sun ga abin da idonsu, suka kuma san cewa tsoro ya fi nasiha saurin shiga kunne.

Har Turawan farko da suka iso Binuwai sun ji labarin ayu, da wannan suna nasa na Hausa kuwa suka rubuta shi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso gaɓar Binuwai a watan Yuni na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya kuma ambaci ayu a littafin tafiyarsa. Bayansa Eduard Vogel ya zo yankin a 1855, ya aika da bayanin dabbar Ingila, har masana can suka laƙa wa ayun Binuwai sunansa na wani lokaci. Wannan ya nuna mana cewa Hausawa sun daɗe a bakin kogin nan, tun da da harshenmu baƙi suka koyi sunan dabbar.

KADOJIN MARMARA

Daga Binuwai sai mu gangara kudu zuwa Wukari, mazaunin Aku Uka, sarkin Jukunawa magada Kwararrafa. A nan akwai tafkin da ake kira Marmara, wanda ya shahara da kadoji. A al'adar garin ba a kashe kadan Marmara, ba a jifansa, ana kuma danganta su da asalin garin da martabar sarautarsa. Mutanen Wukari suna da labarai iri-iri a kan yadda kadojin nan suke zaune da mutane ba cuta ba cutarwa.

Ba Wukari kaɗai ke da irin wannan ba. 'Yan'uwanmu masu zuwa Gana sun san garin Paga, a kan iyakar Gana da Burkina Faso, inda ake cewa kada ne ya ceci kakan mutanen garin, saboda haka ya yi alkawarin zuriyarsa ba za ta taɓa kada ba. Har yanzu kadojin suna nan, baƙi na zuwa kallo suna biyan kuɗi. Haka ma ƙauyen Bazule kusa da Wagadugu. Sai mu kwatanta da Kaduna, wadda sunanta ma daga "kadduna" ya fito, wato jam'in kada. Yau ɗan Kaduna zai iya girma ya tsufa bai taɓa ganin kada yana shan hantsi a bakin kogin ba. Inda aka yi wa kada doka ya zauna, inda aka bar shi ga mai bindiga da mai sayen fata sai sunan ya rage.

Akwai kuma amfanin da ba a cika faɗa ba. Tafkin da ake tsoro ba a zuba masa shara, ba a sare itatuwan bakinsa, ba a cike shi a yi gini. Tsaron kada ya zama tsaron ruwan gari, musamman da rani.

Wani abin da ya kamata mu riƙe game da Wukari shi ne tarihin Abakwariga. Su dai zuriyar Hausawa ne da suka zauna cikin Jukunawa tun kafin jihadin 1804, suna fatauci da saƙa da rini. Sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar da kada ke da alfarma, fatar kada kuwa kuɗi ce a kasuwa, amma zaman ya ɗore. Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ba a ce ka bauta wa abin da mai gari ke girmamawa ba, cewa aka yi kada ka wulaƙanta shi.

RUWAN DA AKE RUFEWA

Doka ta uku ita ce ta rufe ruwa. A kusa da Ibi akwai tafkin Nwonyo, wanda masu ba da tarihin garin ke danganta gano shi da Buba Wurbo a farkon ƙarni na 19. Al'adar wurin ita ce a bar tafkin ya huta, sai ranar da aka tsayar jama'a su taru a yi su gaba ɗaya. Daga nan bikin kamun kifi na Nwonyo ya samo asali.

Mu da muka fito daga yamma mun san irin wannan a gida. A Argungu akwai Matan Fada, wani yanki na kogi da ba a su a cikinsa sai lokacin biki. Sarkin Ruwa ne ke da alhakin wurin. Almara ta ce shi ke sallamar kadoji su kauce, shi ke kuma gayyato kifi daga nesa, in bai ba da izini ba, wanda ya shiga ya kuka da kansa. Bikin a siffarsa ta yanzu ya fara ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ya tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

Mene ne sirrin manyan giwan ruwa da ake fitarwa a Matan Fada? Kowane masunci ya san amsa. Kifin da aka bari wata goma sha ɗaya ba a dame shi ba zai yi ƙwai, 'ya'yan su girma, su bazu har wuraren da ba a rufe ba. Wato rufe gurbi ɗaya shi ke ciyar da sauran kogin. Abin da masana kiwon kifi na zamani ke koyarwa ke nan a makarantu, Kabawa da Jukunawa kuwa sun riga su aiki da shi.

Haka abin yake a tsibiran Binuwai. Da rani in ruwa ya ja, sai tsibirai na yashi su fito a tsakiyar kogi, tsuntsaye su yi ƙwai a kan rairayi, kififiya ta haƙa rami ta binne nata, dorina ta sami wurin kwanciya. Kusan duk wanda ya tashi a bakin babban kogi an taɓa gaya masa cewa gurbi kaza ko tsibiri kaza na mutanen ruwa ne, ba a kwana a can, ba a jefa taru. In ka bincika da kyau, sau da yawa wurin mai zurfi ne da ke cin mutane, ko kuma maɓoyar kifi ce da rani. Labari ɗaya ya tsare yaro daga nutsewa, ya kuma tsare irin kifi.

Ko a tudu muna da tamu. Wane Bahaushe ne bai san alfarmar shamuwa ba? Tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, babu yaron da ya isa ya ɗaga mata danƙo. An tsorata mu cewa taɓa ta na jawo masifa. Sai da muka girma muka gane cewa fara da tsutsar gona take ci, ma'aikaciyar manomi ce da ba a biya. Maguzawa kuma suna da abin da suke kira kan gida, wato dabbar da kowace zuriya ba ta kashewa, ba ta ci.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada wani ya ɗauka baƙar fata ne kaɗai ke da irin waɗannan labarai. A arewa maso gabashin Ingila akwai ƙananan tsibirai da ake kira Farne. Wani malamin Kirista mai suna Cuthbert ya koma can da zama a shekarar 676 don kaɗaita da ibada. Mutanen yankin suna cewa shi ne ya kafa dokar hana taɓa wata irin agwagwar teku da ke ƙwai a tsibirin, har yau kuma da sunansa suke yi wa agwagwar laƙabi. Labarin dokar ya fito ne a rubuce-rubucen da aka yi ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa, tare da labaran azabar da ta sami waɗanda suka karya ta. Majalisar Ingila ba ta yi dokar kare tsuntsayen teku ba sai a 1869. Kafin nan kwarjinin malamin da tsoron alhakinsa su ne 'yan sandan tsibirin.

DOKAR TAKARDA

Da Turawa suka kama ƙasa sai suka kawo tasu. A 1916 aka yi dokar kare namun daji ta Nijeriya, wadda ta jera dabbobin da ba a harbi da waɗanda sai da lasin. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963. A 1985 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 11 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka kuma yi mata gyara a 2016 aka ƙara yawan tara. A 1991 aka mai da Gashaka Gumti gandun daji na ƙasa, shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, yawancinsa kuma a jiharmu yake. Shi kansa ayu, tun 2013 yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji ta sanya shi a sahun farko, wato an haramta fataucinsa tsakanin ƙasashe.

Dokokin nan suna da kyau, ba mu raina su ba. To amma mu faɗa wa juna gaskiya, a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa jin lambarsu? Dokar takarda da Turanci aka rubuta ta, tana cikin ofis, mai tsaronta ma'aikaci ne guda da aka ba shi kogi mai nisan tafiyar kwanaki. Tsohuwar doka kuwa kaka ce ke koyar da ita da dare, mai tsaronta maƙwabcinka ne, hukuncinta kunya ce a gaban jama'a. Matsalar da muka shiga ita ce tsohuwar ta yi rauni, sabuwar kuma ba ta kafu ba. A tsakanin nan ne aka shigo da gamalin ana zubawa a ruwa, alhali magabata ko magimfa ba kullum suke yarda a sa ba. Aka shigo da raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, mai kwashe kifi da 'ya'yansa. Bugu da ƙari, madatsar Lagdo da Kamaru ta kammala a 1982 ta sauya yadda Binuwai ke cika da ja, mun kuma ga ambaliyar 2012 da ta 2022.

SHIN WANNAN BA CAMFI BA NE?

Mun san wani zai ce, Malam, ai duk wannan camfi ne, Musulmi ba ruwansa. Gaskiya ne ba mu yarda ayu mutum ne ba, ba mu kuma yarda kada na da ikon amfani ko cutarwa sai da ikon Allah ba. Amma keɓe wuri a hana taɓa abin da ke cikinsa ba baƙon abu ba ne a addininmu. Duk alhajin da ke cikinmu ya ga tattabarun Makka suna yawo tsakanin ƙafafun mutane, domin a Harami ba a farauta, ba a sare itace, mai harama kuma ba ya kashe naman daji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ma ya keɓe Rabaza. A ƙasar Hausa muna da hurumi da burtali, waɗanda sarakuna suka hana a nome. Saboda haka za mu iya ajiye almarar mu riƙe dokar, ba tare da mun taɓa imaninmu ba.

RABONMU A CIKI

A nan ne maganar ta dawo gida. Wa ke sayar da man ayu a kasuwannin Arewa? Mu ne. Wa ke saye don maganin sanyi ko kayan mata? Mu ne. Kowace kwalba, in ta gaske ce, uwa ce aka kashe wadda sai bayan shekaru za ta sake haihuwa, in kuma ta jabu ce, an cuci 'yar'uwarmu an karɓe mata kuɗi. Ko ta wace fuska babu riba. Haka fatar kada da ta damo da ake lodi a kai wa dukawa. Idan masu ƙasa suka ga baƙo ne ke kwashe abin da kakanninsu suka tsare, ƙiyayyar da za ta biyo baya ba a kan mutum ɗaya za ta tsaya ba. Mu da muka ga rigingimun da jihar nan ta sha ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Sannan ga namu kogin. Mayo Gwoi ba shi da kada mai alfarma, ba shi da Sarkin Ruwa da ake shakka, shi ya sa kowa ke yi masa yadda ya ga dama. Ana ɗibar yashi har gindin gaɓa, ana zuba shara da leda, ana gini a kan hanyar ruwa. Waɗanda suka ga ambaliyar Jalingo ta 2005 sun san abin da ruwa ke yi in ya tashi karɓar hanyarsa.

Shawararmu ga ƙungiya guda huɗu ce. Na farko, matasanmu 'yan makaranta su zauna da tsofaffi, namu da na maƙwabta, su rubuta wuraren da a da aka hana taɓawa da dalilin da aka bayar, tun masu sanin suna raye. Na biyu, masunta da mahauta da masu magani na cikinmu su yi alkawari a gaban shugabanni cewa ba gamalin, ba gidan sauro a ruwa, ba cinikin ayu. Na uku, mu nemi masu unguwanni da masarautar Muri da shugabannin sauran ƙabilu a zauna a keɓe gaɓar da ba za a ɗebi yashi ko a zuba shara ba, a kuma naɗa wanda kowa ya sani ya tsare ta. Na huɗu, limamanmu su riƙa tuna mana haƙƙin dabba da na ruwa a huɗuba, domin abin da aka ji a masallaci ya fi zama a zuci.

Kakanninmu sun zo ƙasar nan baƙi, suka mutunta abin da suka tarar, aka ba su wurin zama da na kasuwa har muka gada. Abin da ya rage mu bar wa na baya kogi mai kifi da suna mai kyau wurin maƙwabta. Duk dattijo ko dattijuwar da ke da wani labari na ruwa ko na daji da ba mu kawo ba, ƙofa a buɗe take, a aiko mana ta hannun sakataren ƙungiya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.